Maigidan da Bai Taɓa Awo Ba

Ranar da aka yi sadakar uku ta kakana na wajen uwa, a wani ƙauye da ke gefen hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Maiyama, na zauna a bakin zaure tun hantsi har la'asar ina sauraron masu ta'aziyya. Cikin dukan alherin da aka ambata game da marigayin, tun daga lizimtar sallar jam'i, da haƙuri da maƙwabta, har zuwa cewa ba a taɓa ganin sa gaban alƙali yana ƙarar kowa ba, babu shaidar da ta fi yawo a bakin dattawa kamar wadda wani tsoho, abokinsa tun na ƙuruciya, ya fara furtawa bayan an shafa fatiha, ya ce, "Wanga bawan Allah, tun da munka san shi, bai taɓa awo ba." Dattawan da ke kan tabarma suka gyaɗa kai gaba ɗaya, kamar an ambaci wata babbar karama, alhali samarin da ke tsaye a waje, waɗanda mafi yawansu jikokinsa ne, ba su ga abin gyaɗa kai a cikin maganar ba, domin su tun da suka yi wayo tiya da mudu suke gani ana shigowa da su gida daga kasuwa, ba kuma su ɗauki wannan abin kunya ba.

Ma'anar maganar ita ce, mutumin ya yi shekara sittin ko fiye yana riƙe da gida, ya ci da mata da 'ya'ya da jikoki da baƙi da almajirai, kuma a duk tsawon wannan zamani ba a ga ranar da rumbunsa ya ƙare har ya ɗauki buhu ya tafi wurin ma'auna ba. Mai wannan shaida ba da ƙarfin damtsensa kaɗai ya same ta ba. Ya same ta ne ta hanyar wani tsari da ya gada, wanda Hausawa ke kira gandu, tsarin da ya riƙe ƙasar Gwandu tun kafin zuwan Nasara, wanda kuma, a ganina, muke binne wani yanki nasa duk ranar da muka kai irin wannan tsoho makwancinsa.

Shi dai bai san shekarar haihuwarsa da lissafin Miladiyya ba, kuma bai damu ya sani ba. Abin da mahaifiyarsa ta gaya masa shi ne an haife shi shekarar da fara ta rufe rana, wato farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Gwandu Usmanu. Daga nan sai ya riƙa ɗaure kowane al'amari na rayuwarsa a jikin wani abin da jama'a ta shaida: kaciyarsa kafin a naɗa Sarkin Gwandu Yahaya a 1938, aurensa na fari dab da hawan Sarki Haruna a 1954, haihuwar ɗansa na huɗu cikin azumin da aka kashe Sardauna, wato Janairun 1966. Wannan shi ne kundin tarihin talaka, kuma na sha gwada shi da abin da ke rubuce a littattafai na tarar bai cika kuskure ba.

Amma labarin gidan ya girmi fara. Mutanen Jega na asali Gimbanawa ake ce musu, nisba ga Gimbana, garin da Malam Abdussalami, ɗaya daga manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa bayan ya bar ƙasar Gobir. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, ta kama mutane, ta bi da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su, kuma wannan ne ya gaggauta hijira zuwa Gudu cikin Fabrairun 1804. Abin da ya biyo baya tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, na saɓani da yaƙin Kware da rasuwar Abdussalami a Bakura a farkon 1818, magana ce mai tsawo wadda malamai suka yi ta rubutu a kanta. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, bayan ƙura ta lafa aka yi sulhu, ɗan Abdussalami, Buhari, ya sami izinin Gwandu ya kafa Jega wajen 1820, a bakin gulbin Zamfara, kuma har yau sarautar garin Sarkin Kabin Jega ake kiran ta. Garin da mutanen da suka ɗanɗani hijira da kora da rushewar gida har sau biyu suka kafa, ba abin mamaki ba ne ya fito da ɗabi'ar tattali da ƙin dogara ga abin hannun wani.

Allah kuwa ya ajiye garin a mahaɗar hanyoyi, ga gulbi mai ɗaukar jirgin ruwa, ga fadama, ga hanyar Gwanja ta ratso ta ƙofarsa, har kafin a yi nisa kasuwarsa ta zama abin kwatance, ta yadda Baturen Jamus nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, da ya sauka Gwandu a 1853, sai da ya ambace ta cikin kasuwannin da ake ji da su. Ayarin fatake, da madugu da jagaba da uban dawaki, kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Gummi, su yi zango a Jega su cika guzuri, sa'an nan su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, suna kore da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jar fata da gabu, su komo da goro cikin waga, suna kwance shi a hanya suna yayyafa masa ruwa suna tsince wanda ya ɓaci. Tafiya da dawowa takan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda. Kakan kakana yana cikin masu koran jakunan nan, ba madugu ba ne, ba kuma mai dukiya ba, kuma abin da ya sa ya iya barin gida tsawon watanni ba tare da iyalinsa sun tagayyara ba shi ne gandu: shi yana hanya, ƙannensa suna gona, ubansu yana zaure yana riƙe da mabuɗin rumbu, abin da ɗan hanya ya samo da abin da 'yan gona suka girbe duk a hannu guda suke haɗuwa.

Akwai kuma dalilin tsoro. Tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwa zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, in ban da 'yan shekarun amana da ake kira Lafiyar Toga, yaƙi bai yanke ba tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu, kuma manomin da ya fita gona shi kaɗai nesa da ganuwa yana iya wayar gari a wata kasuwa da igiya a wuya. Gaskiya ta wajabta a faɗa cewa kasuwar Jega da muke alfahari da ita ba goro da gishirin Foga kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da 'yan Adam, kuma kalmar gandu kanta ta taɓa ɗaukar ma'anar babbar gonar basarake ko attajiri wadda bayi ke nomawa. Sai da dokar Nasara ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, sa'an nan aka soke bautar ɗungum a 1936, kana gandu ya tsaya a ma'anarsa ta gida, ta uba da 'ya'yansa.

Hanyar Gwanja kuwa ta mutu a hankali. Ingilishi sun karya Asante a 1874, basasa ta watsa Salaga a 1892, Sakkwato ta faɗi a Maris na 1903, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can ya hau dogo, ya isa cikin kwanaki inda jaki ke yin watanni. Sai dai ƙafar da ta saba da hanya ba ta zama. Jikokin fatake suka mai da tafiyar cin rani, da zarar an ɗaure dawa an kai rumbu sai samari su ɗauki sanda da gora da buzu su nufi Gwalkwas, su yi dako a Kumasi ko aikin gonar koko, su komo kafin ruwan shuka da kuɗin haraji da turmin atamfa da fitilar ƙwai. Kakana ya yi wannan tafiya sau bakwai, ta farko a ƙasa, sauran a bayan gingimari, kuma har ya tsufa in ya yi fushi da jika yakan zage shi da wata kalmar Tonanci da babu mai fahimtarta a gidan sai shi. Ya daina zuwa tun kafin gwamnatin Busia ta ba baƙi wa'adin mako biyu a Nuwamban 1969, amma ya tarbi waɗanda suka komo a lokacin da tabarma da buta kawai, wasu bayan shekara talatin a can, kuma daga ranar ya ƙudurta cewa dukiyar da ba a ƙasar ubanka take ba aro ce.

To, yaya gandun yake tafiya? Sharuɗɗansa ba a rubuce suke ba, amma kowane yaro ya san su kamar yadda ya san farillan alwala. Da an sallame asuba maigida zai riga kowa fita, 'ya'yansa maza, masu aure da marasa aure, su bi bayansa da kalme da galma a kafaɗa, a yi aiki a babbar gona har rana ta take tsaka, a kawo fura daga gida a sha a gindin gawo, a ci gaba har azahar. Daga nan kowa ya sami kansa, ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da uban ya yanka masa, wadda abin da ta bayar nasa ne, ya saya wa matarsa zane ko ya ɗinka riga. A madadin wannan hidima, wuyan uba na ɗauke da abinci na shekara, da harajin kowane baligi a gidan, da kuɗin maƙeri, da sadaki da lefen auren fari, da ragon suna, da likkafani. Idan kaka ta yi, kafin dami ɗaya ya shiga rumbu, sai an ƙirga an fid da zakka, cikin kowane goma ɗaya, an kai wa waɗanda shari'a ta ambata, sa'an nan a ware na iri a rataye, a ware na ci, a liƙe wani rumbu da laka wanda ba a buɗe shi sai damina ta yi tsakiya, lokacin da hatsi ke tsada kuma aiki ke neman ƙarfi. Na ga wannan da idona ina yaro: tsohon yakan hau tsani da kansa kowace safiya ta uku, ya zaro damin gero, ya miƙo wa wadda ke da girki, kuma ko ɗansa na fari, mai furfura a gemu, bai isa ya leƙa bakin rumbun ba.

Ba zan ɓoye ba, mulki ne mai tsanani. Mutum mai 'ya'ya biyar ya zauna ba shi da ikon sayar da tunkiya sai da izini, ya nemi tafiya a hana shi, ya so sabon iri a ce masa ba haka aka gada ba, wannan abu ne da ba kowace zuciya ke ɗauka ba, kuma rigingimun matan 'yan'uwa a kan wadda mijinta ya fi wahala da wadda 'ya'yanta suka fi ci sun rusa gandaye da yawa tun uban yana da rai. Malamai ma sun san cewa shari'a ba ta wajabta wa baligi ya noma wa ubansa ba. Birrul walidaini ne da al'ada da tsoron baki suka riƙe abin, tare da wani lissafi da kowa ke yi a zuci, cewa wanda ya fita gandu ya fita inuwa, in fari ya zo shi da Allahnsa.

Fari kuwa yana zuwa. Tsofaffin da suka reni kakana sun ba shi labarin yunwar 1914, shi kuma ya ga ta wajen 1954, ya ga babban farin 1973 wanda ya koro mutane da dabbobi daga arewa suka cika bakin gulbi, ya ga na 1984 wanda ya zo a kan gawar shanun da ciwon bushiya ya kashe, cikin shekarar da aka canja kuɗi mutane suka kwana a layin banki. A irin waɗannan shekaru ne ake gane amfanin rumbun da aka liƙe, kuma a cikinsu ne ake samun shaida irin wadda aka yi masa a zaure, domin rashin awo a shekarar albarka ba abin faɗa ba ne.

Abin da ya sassauta igiyar gandu a wannan yanki, in an bi diddigi, ba yunwa ba ce, samu ne, kuma a garin Aliero ya fi bayyana. Mutanen Aliero sun shahara da abu biyu tun da daɗewa. Na ɗaya ɗori, sana'ar da gidaje sanannu ke gadar wa 'ya'yansu, har ana ɗauko mai karaya daga garuruwa masu nisa da ƙasashen maƙwabta a kawo shi, kuma za ka tarar da ɗan Aliero ya kafa wurin ɗori a birane da yawa na ƙasar nan. Na biyu albasa. Da can noman rani aikin haƙuri ne ƙwarai: a yafa iri tun ƙarshen damina, a yi dashe cikin fangali idan sanyi ya fara, a riƙa ɗebo ruwa da jigo ko da ƙwarya daga rijiyar fadama safe da yamma, ta yadda abin da mutum ɗaya zai iya shayarwa kaɗan ne, sai gida mai hannuwa da yawa. Ganyen ma ba a yar da shi, a kirɓa lawashi a dunƙula a shanya ya zama gabu, irin wanda fatake ke kaiwa Gwanja. Da kwalta ta haɗa Sakkwato da Jega da Yawuri har zuwa kudu, sa'an nan daga shekarun 1980 ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse suka bazu a fadamu, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara musu yawa a shekarun 1990, sai lissafin ya juye. Saurayi ɗaya da inji ɗaya da galan na fetur ya iya shayar da abin da mutum goma ke shayarwa da, ya tara albasarsa a rudu ya jira ta yi tsada, ya loda ta a tirela zuwa Ikko ko Anaca ko Fatakwal, ya riƙe a wata uku kuɗin da gandun ubansa bai gani ba a shekara uku.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu a nan da na ji malaman zaure suna tattaunawa, wadda ke nuna yadda sabon samu ya zame daga tsohon ma'auni. A mazhabar Malikiyya hatsi ne ake fitar wa ushiri, ko rabinsa in da wahalar ban ruwa aka noma shi, amma albasa da sauran kayan lambu babu zakka a kansu ranar girbi, sai dai a kan kuɗinsu in sun cika nisabi shekara ta kewayo. Damin gero a fili yake, kowa na ganin na goma da aka ware, maƙwabci ya san rabon da zai samu. Kuɗin albasa kuwa a aljihu suke, daga baya ma suka koma cikin waya, babu mai ganin su sai mai su. Uban da ikonsa ya ginu a kan mabuɗin rumbu, me zai riƙe ɗa da shi alhali ɗan na iya sayen rumbun da abin da ke ciki?

Sai makaranta ta ƙara nata. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗebe yara daga gona da safe, wato daidai lokacin aikin gandu. Aka ƙirƙiro Jihar Kabi a Agustan 1991, ofisoshi suka buɗe a Birnin Kabi, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, kuma ɗan Jega, Farfesa Attahiru Jega, ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, kowane uba ya ga inda alƙalami ke kai mutum. Kakana bai yi gaba da boko ba, ko da yake shi iyakarsa allo da Ahalari da Ishmawi da ɗan abin da ya saurara na Risala. Abin da ya ce kawai, ranar da ɗansa na uku ya zo sallama zai tafi aikin gwamnati, shi ne, "Tahi, Allah shi ba da sa'a, amma gayaunarka na nan, ba ni ba kowa." Ya kuwa riƙa noma ta da hannunsa shekara ashirin, yana aika masa da buhu biyu kowace kaka, ɗan yana karɓa cikin jin nauyi, domin ya san saƙon da ke cikin buhun.

Mu jikoki wani mutum dabam muka sani. Wanda 'ya'yansa ba su iya haɗa ido da shi, mu muna hawa wuyansa, muna sace masa goro a aljihu, matan cikinmu yana kiran su amarensa yana cewa sun fi tsohuwa iya tuwo, mazan kuma abokan takararsa ne masu neman ƙwace masa mata. Hausawa sun yi hikima da suka ajiye kunya da tsanani tsakanin uba da ɗa, suka buɗe ƙofar wasa tsakanin kaka da jika, domin ta wannan ƙofa ce labari ke wucewa. Duk abin da na rubuta a sama na Gwanja da Kumasi, ba a gaban 'ya'yansa ya faɗe shi ba, a gare mu ya faɗa, da dare, yana gasa mana rogo a bakin wuta lokacin ɗari. Ya ga jikoki fiye da sittin, ya ga tattaɓa-kunne, kuma ya san sunan kowa da sunan wanda aka mayar.

A kan jikoki ne kuma ya yi abin da na fi girmama shi da shi. Ɗansa na biyu ya riga shi rasuwa ya bar marayu huɗu, kuma duk wanda ya karanci ilimin fara'ili ya san cewa jikan da ubansa ya riga kaka mutuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye, baffanninsa sun shamakance shi. Gidaje da yawa sun ɓaci a kan wannan gaɓa, ba don shari'a ta rufe ƙofa ba, sai don tsofaffi sun yi sakaci da ƙofofin da ta bari a buɗe, na kyauta da wasiyya cikin sulusi. Shi kuwa tun yana da ƙarfinsa ya kira liman da mai unguwa da shaidu biyu, ya taka da su har fadama, ya nuna iyaka daga tsamiya zuwa bakin rijiya, ya ce ya ba marayun, ya kuma sa suka noma ta a wannan shekarar don kyautar ta tabbata da karɓa.

Bayan arba'in aka zauna rabon tarika. Aka fitar da bashi, wanda bai wuce kuɗin taki buhu biyu ba, aka ba matar da ta rage sumuninta, saura aka raba, namiji rabon mata biyu. Gonar da na sani tun ina yaro, wadda in ka tsaya a wannan gefe ba ka jin kiran wanda ke wancan, aka ja mata igiya ta zama 'yan filaye goma sha shida, kuma kafin damina ta kewayo biyu daga cikinsu sun shiga hannun wani mai kuɗin albasa, domin masu su suna birni, ba su da lokacin noma. Ban ga laifinsu ba, haƙƙinsu ne. Manyan 'ya'yan biyu sun yi ƙoƙarin ci gaba da gandu a tsakaninsu, irin wanda ake yi na wa da ƙane, ya yi shekara ɗaya ya watse a kan kuɗin fetur.

Bayan sadakar ukun nan, kafin in koma, na shiga cikin gida in yi wa kakata sallama, na tarar da ita a ɗakin da take takaba, tana gyaran ƙwarya. Na gaya mata shaidar da aka yi wa Malam, mijinta, a zaure, ina tsammanin za ta ji daɗi, domin ita ce ta yi shekara kusan saba'in tana daka abin da ya noma, tana tashi kafin kiran assalatu ta dama furar 'yan gona, tana soya ƙuli-ƙuli tana tatsar man gyaɗa tana kiwon awaki a bayan ɗaki, ba kuma wanda ya ambaci sunanta a zaure. Sai ta yi dariya har ta ajiye ƙwaryar, ta ce, "Kai dai maigidana, maza ba su san komi ba. Awo kam an yi shi, shekarar babban fari. Rumbun da anka liƙe, da anka buɗe shi, gara ta cinye rabi. Awakina huɗu da tasoshin aurena anka kai Jega, ƙanena yat tahi da jaki, yak komo da dare, munka zuba hatsin cikin rumbu kowa na kwana."

Na ce, "To Inna, shi Malam bai sani ba?"

Ta ce, "Mutumin da ka hawan rumbu kwana ukku-ukku? Damma yab bari, tsaba yat tarar. Har Allah yak karɓi abinai bai tambaye ni inda ta hito ba, ni ko ban hwaɗi ba. Amma da kaka ta yi, awaki shidda yas sawo min."